Da Sauƙi, Baba

'Yata ta uku tana da shekara takwas aka cire mata 'yan wuya, waɗanda likitocin nan suke kira amidal. Sunan mahaifiyata ta ci, saboda haka ban taɓa kiran sunanta ba, Uwata nake ce mata. Shekara biyu ta yi tana fama da kumburin maƙogwaro, ya sauka ya dawo, har malamin ajinsu ya fara aiko mini da takarda a kan yawan fashinta. Ni na yanke shawarar a yi aikin, ni na zaɓi wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa wajen unguwar Goudji, ni kuma na sa hannu. Aiki ya yi kyau. Abin da ya lalace daga baya, a gidana na Diguel ya lalace, kuma a hannuna.

Ranar da za a sallame mu, likitan ya yi bayani da Faransanci. Matata tana zaune a bakin gado tana kallon bakinsa. Iyayenta 'yan kasuwa ne da suka zo daga Najeriya tana budurwa. Tana jin Larabcin gari sarai, tana karanta Hausa, amma Faransanci bai taɓa zama a kanta ba. Ni kuwa kakana ya sauka garin nan tun zamanin Nasara, na yi jami'a, ina aiki a ofis. Duk takardar da ta shigo gidanmu, ni ne bakinta.

Likitan ya rubuta siro, wato maganin ruwa, iri biyu na kashe zafi. Ya ce a bi agogo, duk awa shida, ko ta yi ƙorafi ko ba ta yi ba, a kuma ba ta kafin abinci domin ta iya haɗiya. Ya ce ruwa shi ne komai: ruwan sanyi, kaɗan-kaɗan, wuni duka. Ya maimaita wannan sau biyu. Na fassara wa matata daidai yadda ya faɗa, kuma a kan haka muka fara.

Washegari da la'asar yarinyar ta yi amai bayan ta sha siro na biyu. Ba yawa, amma akwai baƙi-baƙi a ciki, ta kuma riƙe ciki tana hawaye. Na ɗauki kwalin, na zaro 'yar takardar nan mai ƙananan rubutu wadda yawancin mutane suke jefarwa, na zauna a zaure na karanta ta daga farko har ƙarshe, sannan na karanta ta ɗayan. Na ga ciwon ciki, na ga zubar jini, na ga lalacewar hanta da ƙoda. A kan hanta idona ya tsaya. Wana ya rasu ne da ciwon hanta, bayan shekarun da ya yi yana watsa ƙwayoyin masu tallan magani na bakin titi kamar gyaɗa, kuma ni na yi jinyarsa.

Lambar wayar likitan tana rubuce a saman takardar magani. Ban kira ba. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa gudun damunsa ne ya hana ni. Yanzu ina ganin na ƙi ne a yi mini bayani irin wanda ake yi wa mutanen da ba su yi karatu ba, alhali ga takarda a hannuna, na karanta, na gane kowace kalma.

Na shiga ciki na ce wa matata, "Na sake duba bayanin. Wannan mai sa amai an ce a dakatar da shi. Ɗayan kuma sai in ciwon ya yi tsanani."

Ta ce, "To ba cewa ka yi a bi agogo ba, Malam?"

Na ce, "Wancan na ranar farko ne."

Shekara goma sha bakwai ina karanta mata takardu, ba ta taɓa kama ni da ƙari ko ragi ba. Na kwashe kwalaben biyu na ɗora a kan kabad ɗin ɗakina, na ɗauki hutun mako guda, na mayar da kaina mai tsaron magani.

Ga tsarin da na yi, wanda a lokacin na ɗauka tsari ne na hankali. Da safe, da azahar, da la'asar, da magariba, sai in shiga ɗakin da take kwance, in durƙusa, in ce, "Uwata, yaya jiki?" In ta ce yana ciwo, in ba ta cokali. In ta ce da sauƙi, in bar hantarta ta huta.

Kullum sai ta ce, "Da sauƙi, Baba."

Na je dubiya sau ba adadi a rayuwata. Na tsaya a kan mutanen da likita ya riga ya sallama, na ce yaya jiki, sun ce da sauƙi. Wana ma haka ya ce mini kwana biyu kafin ya cika. Ban taɓa jin wanda ya ba da wata amsa ba, kuma ni da kaina na koya wa 'ya'yana ita. Na taɓa yi wa wannan yarinyar faɗa domin ta gaya wa baƙo cewa kanta yana ciwo. Duk da haka na ɗauki wannan amsar na mayar da ita ma'aunin magani. Cikin kwana uku, cokali uku kawai na ba ta, su ma don uwarta ta matsa ne.

Har yabonta nake yi. 'Yan dubiya suna shigowa da lemo da madara, ni kuma ina tsaye a bakin ƙofa ina cewa, "Jaruma ce. Ko uffan ba ta ce ba, maganin ma ba ta nema." Tana kwance tana ji.

A rana ta huɗu yayata ta zo daga unguwar Boutalbagar. Watan zafi ne, wuta ta ɗauke tun safe, ƙanƙarar da muka sayo a maƙwabta ta narke a kwano ba a taɓa ba. Yaya ta zauna, ta ɗago haɓar yarinyar, ta daɗe tana dubanta.

Ta ce, "Dokta, zo nan." Tun ina ɗalibi take kirana haka in za ta yi mini ba'a. "Leɓen 'yar nan ya bushe kamar ɓawon goruba. Me take sha?"

Na ce, "Tana sha kaɗan-kaɗan. Haka aikin yake, Yaya."

"Haka takardarka ta ce, ko haka idonka ya gani?"

"Ai ta ce da sauƙi."

Yaya ta yi 'yar dariya. "Ni ma da ka tambaye ni ɗazu na ce da sauƙi, ga shi da kyar na sauko daga babur." Ta juya wajen matata. "Ke kuma kin zuba masa ido don ya iya yaren Nasara."

Matata ta sunkuyar da kai. Na raka Yaya har bakin titi ina yi mata bayanin aikin hanta.

Washegari da hantsi matata ta shigo ɗakina da gwangwanin madara a hannu, ta ajiye shi a gabana. A bayan katifa ta same shi, ya kusa cika da yawu. Yarinyar ta daina haɗiye ko da yawun bakinta, tana tofarwa a ɓoye. Kofin ruwan da muke ganin yana raguwa, a bakinta take riƙe ruwan har mu fita. Matata ta ce, "Tun jiya da safe ba ta yi fitsari ba." Da na je ɗaga yarinyar, jikinta ya yi zafi, idanunta sun faɗa, hannuwanta biyu suna toshe da kunnuwa domin ciwon ya hau can. Ta kasa tsayuwa.

A asibiti wata nas, dattijuwa, ita ta karɓe mu. Tana neman jijiyar da za ta sa ƙarin ruwa, sau uku tana sokawa ba ta samu ba, sai ta tambayi matata da Larabci, ba ni ba: ƙarfe nawa aka ba ta magani na ƙarshe?

Matata ta ce, "Jiya da azahar. An ce sai in ciwon ya yi tsanani."

Nas ɗin ta ce, "Wa ya ce?" Ta karɓi takardar likitan ta duba, ta karanta mata da Larabci layi-layi, tana bi da yatsa. Duk awa shida. Matata ta saurara har ƙarshe, ba ta dube ni ba.

Likitan bai yi mini faɗa ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya ce aman kwanakin farko abu ne da aka saba gani, sauran maganin barci ne da ɗan jinin da ta haɗiye lokacin aiki. Da na kira, da ya ce a ba ta siron bayan 'yar madara, ko ya canja shi. Ya ce awon da ya rubuta daidai nauyinta yake, ba zai taɓa hantarta ba, rashin ruwan ne ya kusa taɓa ƙodarta. Ya faɗi wannan da Faransanci, a hankali, kamar mai rufa mini asiri.

Kwana biyu muka yi. Da allurar da aka yi mata ta ratsa ta, ta yi barci mai nauyi, ta farka ta shanye rabin kofi a gabana. Na ce, "Uwata, me ya sa ba ki gaya mini yana ciwo ba?"

Muryarta ta dushe. Ta ce, "Na ji kana gaya wa baƙi ni jaruma ce."

A barandar asibitin na yi ƙoƙarin yi wa matata bayani. Na kawo zancen wana, na kawo zancen takardar cikin kwali. Ta bari na gama.

Ta ce, "Tsoro ba laifi ba ne, Malam. Da ka ce mini tsoro kake ji, da na ce maka yarinyar nan gaishe ta kake yi tana amsawa. Amma cewa ka yi takarda ce ta faɗa."

Yarinyar ta warke, maƙogwaron bai sake tashi ba, yanzu tana sakandare. Matata ba ta sake ta da maganar ba, ko sau ɗaya. Sai dai tun daga lokacin, duk takardar likita da ta shigo gidan nan, ta yara ko tata, takan naɗe ta a gefen mayafi ta wuce ni a zaure, ta kai wa wata malamar makaranta da ke gida na uku daga namu. Wani lokaci ina zaune da tabarau a fuskata. Takan ce, "Zan shiga maƙwabta," ni kuma in ce a dawo lafiya.