Ɗanlaraba Mai Kallo da Kunne

A shekarun da kuɗin fetur ya cika Libreville, ko masinjan ofis sai ya sa kwat, kuma kwat a garin da ruwan sama ba ya hutawa dole ta sha guga. Wannan ne ya zaunar da Ɗanlaraba a unguwar Lalala. Mutumin Kano ne, gajere, mai faɗin kafaɗa, ya zo da niyyar sayar da yadi, ya ƙare da dutsen guga na gawayi guda uku da tebur mai ƙafa ɗaya gajera. Rumfarsa tana jingine da bayan gidan silimar unguwa, daidai ƙarƙashin ramukan da aka bari a saman bango don iska ta shiga.

Iska tana shiga, sauti yana fita. Daga ƙarfe uku na rana, in an fara nuna fim, duk harbi da haniniyar doki da kukan budurwa a kan teburin Ɗanlaraba suke sauka. Shekara uku yana guga a ƙarƙashinsu. A nan ya koyi Faransanci, irin na kaboyi, shi ya sa in zai ce wa abokin ciniki ya dawo gobe sai ka ji kamar yana ba shi wa'adin barin gari.

Ranar Lahadi bayan la'asar 'yan kallo suke taruwa a rumfar Asta mai abinci su yi canki-canka. Asta Bafillatanar Garwa ce, ta girme su duka, ita ce kuma alƙaliya, don ita ke riƙe da ludayi. Wani zai faɗi magana daga fim, ko ya kwaikwayi faɗuwar wani, saura su canki fim ɗin da ɗan wasan. Ba ruwansu da sunayen da ke jikin takardar talla, kowane ɗan wasa sun raɗa masa nasu. Wanda ya ci, shi zai zauna a kan tsohuwar kujerar mota da ke kusurwa har mako ya zagayo, a kuma zuba masa kan kifi. Wata goma sha huɗu kujerar nan ba ta san mazaunin kowa ba sai na Ɗanlaraba.

Bai taɓa shiga silima ba. Ko sau ɗaya.

Ranar da zai bar Kano mahaifiyarsa ta riƙe hannun rigarsa ta ce kada ƙafarsa ta taka gidan silima, ya ce ya ɗauka. Ya kuwa riƙe, yana lallashin kansa da cewa ƙafa ta ambata, ba ta ambaci kunne ba. Wannan bai zama abin kunya ba, da ya faɗa da an yaba masa. Abin da ya hana shi faɗa daban ne. A ofishin takardun zama shi ne wanda ake yi wa tsawa, a kasuwa shi ne wanda ba ya iya karanta rasit, a layin masallaci ma yana baya. A rumfar Asta kaɗai yake buɗe baki manyan direbobi su yi shiru. Kuma sun yi shiru ne saboda sun ɗauka ya fi su ido. Don haka kullum da "na gani da idona" yake rufe amsa. Abin da kunne bai ba shi ba, dabara ke ba shi: in mai kaya ya zo sai ya ce, "Ka kuwa lura da hular mugun nan?" Shi kuma ya zauna ya zayyana hular har da ɗinkinta.

Mai neman kujerar shi ne Aliou, direban taksi ɗan Maraɗi, wanda kan ajiye motarsa da fasinja na jira ya shiga kallo. Aliou bai damu da kan kifi ba. Abin da ke cinsa shi ne a ce ɗan Najeriya, wanda bai yi lakwal, wato bokon Faransa, ko na kwana ɗaya ba, ya fi shi gane fim ɗin Faransanci.

Wata Lahadi Aliou ya zo da tambayoyi biyar ya jera su, Ɗanlaraba ya kakkaɓe su yana tsotsar ƙashi. Har ya gyara masa ɗaya, ya ce ba sau biyu aka buga ƙofar ba, sau uku ne, na ukun a hankali. Rumfa ta ɗauki shewa. Daɗi ya kwashe shi, da aka ce ya yi tasa tambayar sai ya fito da wadda ya daɗe yana ɓoyo.

"Wane ɗan wasa ne aka harbe shi a kan doki ranar Talata, ranar Alhamis ya tashi yana fasa bulo da hannu?"

Aka yi ta jefa sunaye. Babu wanda ya dace. Asta ta buga ludayi a bakin tukunya ta ce lokaci ya cika.

"Bahago mana," in ji Ɗanlaraba. "Bahago na fim ɗin kaboyi, ai shi ne Ƙafar Iska na fim ɗin Cana. Mutum ɗaya ne. Na gani da idona."

Dariya ta fashe, har wani ya ƙware da romo. Aliou ne kaɗai bai yi ba. Ya ajiye cokali.

"Mi ka ce, Bakano? Bahago dogo ne kamar falwaya, Bature, da gemu. Ƙafar Iska ɗan Cana ne, bai kai hammatata ba. Wane idon naka ya ga wanga abu?"

"Kwalliya ce, ba ka san aikinsu ba."

"Kwalliya ta rage wa mutum tsawo? To faɗa mini, Bahago da wane hannu yake harbi?"

"Sunansa ma ya faɗa maka."

"Da dama yake harbi, malam! Dokinai ne yake hawa ta hagu da tsalle, shi ya sa munka sa mai sunan." Aliou ya matso da fuskarsa. "Tsakaninka da Allah, ka taɓa ganinsu?"

Ɗanlaraba ya dubi kan kifin da ke gabansa, kifin ma ya dube shi. Yana iya rantsuwa, amma rantsuwar ƙarya a kan kaboyi ta yi masa tsada. Ya faɗa musu komai, da rigar da aka riƙe da ramukan bango. Ya tashi daga kujerar ba wanda ya ce ya tashi.

"Amma murya ɗaya ce," ya ce a hankali. "Wannan ko gaban wa zan faɗa."

"Koma ka zauna a benci tukuna," in ji Asta. "Kujera ta kwana ba kowa. Aliou, ƙanena, kai da ka ce ido, Talata da Alhamis za ka je ka tsaya inda yake tsayawa. Ni ma zan zo, in ji abin da ya hana ku biyan hankali ga miyata."

Ranar Talata mutum takwas suka cushe a rumfar guga, hayaƙin gawayi na shiga musu ido. Aka maimaita fim ɗin kaboyi. Ɗanlaraba bai daina aiki ba, sai da aka zo wani wuri ya ɗaga dutsen guga ya ce su saurara. Bahago ya ja numfashi ta hanci, ya yi 'yar dariya guntuwa mai kama da tari, sannan ya yi magana. Ranar Alhamis suka dawo, ana yayyafi. Aka yi ta ihu da karya katako a bayan bango, can sai ga jan numfashin nan ta hanci, ga 'yar dariyar. Asta ta dafe ƙirji ta ce, "La ila, shi ne!"

Aliou ya ce bai yarda ba, ya zagaya ya jawo Ahmadou, dattijon da ke yaga tikiti a ƙofa. Ahmadou ya saurare su yana sosa kunne da ashana.

"Yo ku da kuna zaton da bakinsu suke yi? A can Faransa ake ɗora musu magana. Mutum guda sai ya yi wa goma. Wannan mai tarin, ko likita ya taɓa yi."

"Tsaya, baba," in ji Aliou. "Kana nuhin ɗan Canan ba ya jin Faransanci?"

"Ko sannu bai iya ba."

Shekara da shekaru Aliou yana kafa hujja da fim cewa duk duniya Faransanci take yi, ban da mutanen Kano. Ya tsaya da baki buɗe, yayyafi na sauka a hularsa, aka yi masa dariyar da ta fi ta Lahadi.

A nan tsaye Asta ta yanke hukunci. Tambaya dai ba wanda ya amsa ta, kuma mai ita ya yi rabin gaskiya, rabin da babu mai ido da ya taɓa kamawa. Kujera tasa ce. Amma daga yau duk ranar da ya sake cewa ya gani da idonsa, zai goge mata zannuwa wata guda kyauta.

Da aka watse Aliou ya tsaya, wai yana jiran ruwa ya ɗauke. Ɗanlaraba ya hura gawayi, ya shimfiɗa wata farar riga, ya yi gyaran murya sau biyu.

"Direba, don Allah in tambaye ka. In Bahago ya shigo mashaya, akwai wani abu da ke ƙara a jikinsa, kacau, kacau. Mene ne?"

"Ƙarfe ne a diddigen takalminai, na zungurar doki."

"Ikon Allah." Ɗanlaraba ya ajiye dutsen guga. "Ni shekara uku na ɗauka makullai ne. Kullum ina cewa bawan Allahn nan da gidajen haya yake, me ya kai shi faɗa?"