Sallamar da Inna Ta Yi wa Ƙanena a Bakin Kabari

Shekaru sun shuɗe, abubuwa da yawa sun ɓace mini, amma ranar da muka binne ƙanena tana nan daram a raina, kuma na san da ita zan tsufa. Ba mutuwar kaɗai ce dalili ba. Abin da mahaifiyarmu ta yi a bakin kabarin shi ne ya zauna mini.

Mu Kirista ne, haifaffun Gumel. Ƙanena, autanmu, direba ne mai jigilar 'yan kasuwa zuwa Maigatari, ni kuwa lokacin ina koyarwa a wata firamare a Gagarawa. Wata Alhamis ina cikin aji aka kira ni a waya, aka ce taya ta fashe masa a hanyar dawowa daga kasuwa, mota ta ƙwace. Fasinjoji sun tsira da raunuka, shi ko asibiti bai kai ba. Saura 'yan makonni a ɗaura masa aure.

Washegari muka kai shi. Abokan aikinsa na tasha, yawancinsu Musulmi, su suka taya mu haƙa kabarin, suka tsaya a gefe har aka gama addu'a. Fasto ya yi wa'azi a kan tashin matattu, ya ce tunda Yesu ya tashi, waɗanda suka mutu suna dogara gare shi su ma za su tashi. Tun ina yarinya nake jin wannan, amma a ranar ko kaɗan maganar ba ta shige ni ba.

Kafin a saukar da akwatin, Inna ta matso ta dafa shi, ta ce, "To, auta, sai da safe." Muryarta ko rawa ba ta yi ba, kamar mai sallamar wanda zai shiga ɗaki ya kwanta.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Da muka koma gida na tare ta a madafa na ce, "Inna, wace safiya? Yaro ya tafi da ƙuruciyarsa, kina yi masa sai da safe kamar ya je kwana Sule Tankarkar?"

Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, da Ubangiji Yesu ya shiga gidan da wata yarinya ta mutu, ba cewa ya yi barci take yi ba? Dariya aka yi masa, sai ya kama hannunta ta tashi. Ni maganarsa na riƙe. Me ake ce wa mai barci?"

Na fice na bar ta a madafa. A lokacin na ɗauka taurin zuciya ne kawai. Na koma Gagarawa, na daina zuwa coci, ko Littafi Mai Tsarki ba na buɗewa.

Da aka yi hutu na dawo gida. Na yi sallama, shiru. Sai na ji sheshsheƙa daga ɗakin ƙanena. Na leƙa, na ga Inna zaune a ƙasa, ta cusa fuskarta cikin shaddar da aka ɗinka masa ta aure, tana kukan da ban taɓa ganin ta yi irinsa ba.

Na ce, "Inna, ashe kina kuka?"

Ta ce, "Ni na haife shi fa. Duk Alhamis da la'asar kunnena yana bakin ƙofa, ina jiran ƙarar motarsa."

"To, ina sai da safen?"

Ta share ido da gefen zane. "Yana nan, ban janye ba. Yesu da kansa ya yi kuka a kabarin abokinsa, alhali ya san yanzu zai kira shi ya fito. Ni wace ce da ba zan yi ba? Safiya za ta yi. Daren ne ya yi mini tsawo."

Na durƙusa kusa da ita, muka yi ta kuka tare. Lahadin da ta biyo na raka ta coci.

A da ina zaton mai begen tashin matattu ba ya jin zafin mutuwa, shi ya sa da na ji zafin na ɗauka bangaskiyata ce ta ƙare. A ɗakin nan na koyi cewa bege ba ya hana hawaye zuba. Abin da yake hanawa shi ne mutum ya yi wa nasa ban kwana na har abada.