Kujerar Baƙi a Garejin Baba Tara

A garejin da ya tashi, ba a tambayar mai mota me ke damun motarsa. Sai a ce ya tayar da ita ya koma gefe. Ubangidansa, wanda ake kira Baba Tara saboda fankar injin ta cinye masa yatsa ɗaya, yakan ɗauki doguwar sukudireba ya dafa bakinta a jikin injin, ya manna kunne a ƙotar, ya lumshe ido kamar mai jin gulma ta bayan ƙofa. Haka ya koya wa yaransa, kuma cikinsu duka shi kaɗai ne ya ɗauke abin, har aka laƙaba masa Mai Kunne, sunan yanka ya ɓace.

Kujerar roba ɗaya ce a garejin, ta baƙi. Yaron gida ko da wasa ya ɗosana a kanta, sai ya ji tsumman mai a ƙeyarsa. Mai Kunne ya sha wannan tsumma, kuma bayan an yaye shi ya buɗe nasa wurin, in ya zo gaisuwa kan tsohuwar taya yake zama, tsohon yana aikensa kamar jiya ya zo.

Da waya ta waye, aka sa shi a wani zauren intanet na makanikai da masu motoci. Mutum zai ɗauki ƙarar injinsa ya turo, ya faɗi abin da aka ce ya biya, masana su yi ta musu. Mai Kunne ba ya rubutu, murya yake turawa. Ya kanga wayar a kunne, ya saurara sau biyu, ya faɗi ciwon da abin da ya dace a biya. Sau da yawa yana dacewa, kuma ba ya karɓar ko sisi. Yabon ya fi masa kuɗi daɗi, abin da matarsa ta riga shi ganewa.

"Yanzu kai motocin cikin waya kake gyarawa," in ji ta, "na ƙofar gareji kuma su jira."

Wata rana wata malamar asibiti ta turo ƙarar motarta. Ta ce wani tsohon makanike ya ce sai an sauke injin, ya yanka mata kuɗin da ya kusa cinye albashinta. Mai Kunne yana cin abinci ya saurara da hannun hagu. Kukan fanbel ya ji, igiyar robar da ke juya fanka, siriri, ba wani abu. Ya danna ya yi magana da bakin mai ƙoshi.

"Malama, fanbel ne kawai. Wanda ya ce miki a sauke injin, ko kunnensa ya mutu ko tsoron Allahnsa. Tsofaffin nan in hannu ya fara rawa sai su koma yankan aljihu."

Zaure ya ɗauka da dariya. Aka yi ta tura muryar daga waya zuwa waya, har wani ya tambayi malamar inda garejin yake, ita kuma ta kwatanta. Mai Kunne bai ga wannan ba, ya riga ya wuce kan wata motar.

Bayan 'yan kwanaki ta kawo masa motar da kanta, tunda shi ne mai araha. Ya sa ta tayar, ya buɗe bonet, ya ɗauko sukudireba don sabo kawai. Yana manna kunne ya ji shi: ƙarƙashin kukan fanbel akwai wani bugu mai nauyi daga can cikin injin, irin wanda ƙarfe ke kawowa amma waya ke haɗiyewa. Injin yana cin kansa. Kuɗin da aka faɗa mata ma an yi mata sauƙi.

"Wane ne ya fara duba miki?"

"Wani tsoho ne bayan masu faci. Yatsansa ɗaya babu."

Ya daɗe bai ɗago daga cikin bonet ba.

"Kin faɗa masa abin da na ce?"

"Ai muryar taka na kunna masa, gaban mutane. Makullin motar kawai ya miƙo mini."

A ranar ya tura sabuwar murya zaure, ya ce shi ne ya yi kuskure, tsohon ya fi shi gaskiya, kuma a hannunsa ya koyi aiki. Mutum biyu suka ce Allah ya kyauta. Ba wanda ya tura ta gaba, don ba abin dariya a cikinta. Magana zarar bunu ce, ya sani tun yana yaro, sai dai bai taɓa zarar wadda ta fito da rufin ɗaki ba.

Da safe ya tafi bayan masu faci. Filin da a da sai an matsar da mota kafin a shigar da wata, yanzu mota ɗaya ce a cikinsa, ƙafafun Baba Tara sun leƙo daga ƙarƙashinta. Mai Kunne ya yi sallama. Tsohon ya jawo jiki ya fito, ya dube shi, ya amsa ba tare da wani ɓacin fuska ba. Mai Kunne ya so a ce zagi ne, ko tsumman nan.

"Baba, na zo ne a kan..."

"Ka taɓa motar kafin ka yi magana?"

"A'a."

"To."

Ya nufi tsohuwar tayar zai zauna, sai tsohon ya ɗaga hannu ya tsayar da shi. Ya shiga rumfa ya fito da kujerar roba, ya zare tsumma daga kafaɗa ya goge ta tsaf, har ƙafafun, ya ajiye a inuwa.

"Bismillah, Injiniya. A zauna."

"Baba, bari in kama maka aikin."

"A'a, kada kaya su ɓaci."

Ya zauna. Tsohon ya koma ƙarƙashin mota. Can hannun nan mai yatsa huɗu ya fito yana laluben sifana a ƙasa, tana ɗan nesa da shi, dab da takalmin Mai Kunne. Kafin ya sunkuya, tsohon ya miƙa jiki ya jawo abarsa.