Ranar da Taki Ya Zo Bungudu

Shekara huɗu na yi ina kula da siton wata ƙungiyar manoma a Bungudu, siton da babu komai a cikinsa sai yagaggun buhuna da kashin ɓera. Kullum da safe in hau babur daga Gusau, in buɗe, in share, in zauna a benci har la'asar. Ni da na yi karatun aikin gona! Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Zaman banzan nan ne ya koya mini mafarki ido biyu. Yau gulbi ya kawo, ni na faɗa ruwa na tsamo mata uku. Gobe wuta ta kama a kasuwar Tsafe, ni na kutsa cikin hayaƙi. Amma wanda na fi ƙauna shi ne na ranar da za a kawo taki: manya za su zo kwasa, in tare ƙofa, in yi musu jawabin da zai sa su sunkuyar da kai. Na haddace jawabin nan tsaf. Har wurin da manoma za su yi kabbara na sani.

A shekara ta huɗu, farkon damina, sai ga takin ya zo da gaske, sito ya cika. Washegari manoma suka taru gindin darbejiya tun hantsi. Shugaban ƙungiya, wani Alhaji mai yawan fara'a, ya iso da a-kori-kura uku a bayansa.

"Malam, buɗe muna," in ji shi. "Motocin ga za a hwara lodawa."

Na tashi na tsaya a bakin ƙofa. Na ce, "Alhaji, ba zan buɗe ba. Takin nan na talakawa ne, haƙƙinsu ne, kuma..."

Nan jawabin ya ƙare. Sauran ya gudu daga kaina. Alhaji ko fushi bai yi ba. Dariya ya yi, ya ce, "Lahiya kake, Malam?"

Na waiga wajen manoma ina jiran kabbara. Shiru. Sai wani tsoho ɗan ƙauyen Kekun Waje, wanda kan tsaya mu gaisa in ya shigo gari, ya taso ya kama hannuna.

"Ɗana, don Allah buɗe mishi," ya ce a hankali. "In ka ɓata mai rai, ko ɗan abin da za mu samu ba mu ganinai. Kai Gusau za ka koma, mu nan muke tare da shi."

Wani daga baya ya ɗaga murya: "Kai, buɗe mana, kana ɓata muna lokaci!"

Na buɗe. Manoman nan su da kansu suka yi ta ɗaukar buhuna a ka suna loda wa motocin Alhaji, suna yi masa sannu da ƙoƙari. Abin da ya rage aka farke, aka auna musu da tiya.

Na zaci za a kore ni, har na so a kore ni. Ko takardar gargaɗi ba a ba ni ba. Ashe ban ma kai wanda za a hukunta ba. Abin da na samu kawai suna ne: duk ranar da Alhaji ya wuce a mota sai ya sauke gilashi ya ce, "Sarkin yaƙi, ina aiki?" Mutanen da na tsaya dominsu su tuntsire da dariya.

Bayan girbi na ajiye aikin, na buɗe ɗan shagon iri da maganin feshi a Gusau. Alhaji ban cika tuna shi ba, ɓarawo ne ya yi halinsa. Tsohon nan ne ya tsaya mini a wuya. Gaskiya ya faɗa mini ranar, kuma saboda gaskiyar ce har yanzu na kasa yafe masa.