Ƙaramin Hoton Masu Buga Tafireta

Muna da wani ɗan shafi a intanet, mu 'yan sa-kai, inda kowa yake iya shiga ya rubuta abin da ya sani game da unguwannin arewacin Kaduna: yadda Katabu take kafin gidaje su cika ta, ko wace bishiya aka sare a bakin titin Unguwar Shanu. Ni ban cika rubutu a ciki ba. Hotuna nake so. Nakan zauna ina kallon tsofaffin da mutane suka ba mu har shayina ya huce.

Sai kamfanin da yake ajiye mana shafin ya aiko cewa zai rufe, mu nemi wani wuri. Muka samu. Rubutun ya tashi a yini guda, kamar an naɗe tabarma. Hotuna kuwa sai an sauke su ɗaya bayan ɗaya, a sake ɗora su a sabon wurin. Muka raba aikin unguwa-unguwa, Badarawa ta faɗo hannuna don nan aka haife ni.

A cikin rabona akwai hotunan wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon ma'aikacin gwamnati, aminin mahaifina. Ni na karɓo su a wurinsa tun farko, na ɗauki kwafinsu a na'urar ofishinmu, na mayar masa. Daga baya gara ta shiga akwatin da yake ajiyarsu, ta mayar da su gari. Ranar da ya gaya mini, dariya ma ya yi, ya ce, "Ba komai, 'yata, ai suna wurinki." Wanda ya fi so shi ne na wasu mata bakwai masu buga tafireta, a tsaye a gaban ofis. Ta uku daga hagu matarsa ce, tun tana budurwa, kafin ya san ta. Ta rasu, kuma ba shi da wani hotonta na ƙuruciya.

Mu da muke tattalin data muna da wata ɗabi'a: ba ma buɗe hoto gaba ɗayansa in ƙaraminsa ya ishe mu gani. Hannu ya saba. Wata Asabar bayan la'asar na zauna a baranda da kwamfutata, ina sauke hotunan daga inda aka jera su, ina jin daɗi aikin yana gudu. Har na rubuta wa abokan aiki cewa na gama. Ɗaya ya amsa, "Ke 'yar Badarawa, aljanu kika ɗauka aiki?" Ban tsaya na tambayi kaina dalilin wannan saurin ba.

Bayan tsohon wurin ya rufe da kwana uku, ina ɗora hotunan a sabon shafi, na danna na matan don in kalli mayafin marigayiyar. Bai buɗe ba. Iyakarsa ke nan, bai wuce girman kan sarki na wasiƙa ba. Ashe ƙananan da ake nunawa a jeri na kwashe, manyan sun tafi da tsohon wurin. Na tambayi kowa ko ya ajiye, babu. Na duba kwamfutar ofis, an daɗe da goge ta. Na rubuta wa kamfanin, amsar da ta dawo ba mutum ne ya rubuta ta ba.

Mako guda ina wuce ƙofar gidan dattijon da sauri, kaina a ƙasa. Mahaifiyata ce ta gaji, ta ce, "In ba za ki je ba ni zan je, kuma ba zan gyara miki magana ba."

Na same shi a kan kujerar roba yana sauraron rediyo. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi komai ban ɗaga ido ba. Ya kashe rediyon. Ya ce, "Mu gani."

Na miƙa masa wayata. Ya sa tabarau, ya ce in ƙara girman hoton. Na ja da yatsu biyu, fuskokin suka watse, suka koma toka-toka kamar hayaƙi.

"A'a, kin kore ta," in ji shi. "Mayar da shi yadda yake."

Na mayar. Ya miƙe hannunsa iya tsawonsa, wayar can nesa da idonsa, ya karkata kai.

"Ga ta nan. Kin ga yadda ta jingina kafaɗa da ta kusa da ita? Kunya. Ba ta iya tsayawa ita kaɗai a gaban mai hoto." Ya gyara zaman tabarau. "Hancin dai ya tafi. Hanci gare ta, 'yata, ba irin wannan naki ba."

Dariya ta ƙwace mini, hawaye na zuba. Na ce, "Baba, ka yafe mini."

"Na yafe. Da niyyar alheri kika yi. Amma hancin nan, zan yi kewarsa."

Ya ce in tura masa hoton a wayarsa, a haka, kada in taɓa girmansa. Na tura, na nuna masa inda zai danna. Da na kai bakin ƙofa na waiga. Yana nan riƙe da wayar nesa da fuskarsa, kansa a karkace, bai ma ji sallamata ba.