Gwangwanin Maka na Inna

Akwai shekarar da na yi wata takwas ina faɗa da gwangwanin madara. Ba madara ce a ciki ba, wani gari ne mai launin ƙasa-ƙasa da ake kira maka.

Mahaifiyata, da muke kira Inna, tana zaune a unguwar Manawashi, cikin garin Gombe. Ni ina gidan aurena a Gabukka, ina koyar da kimiyya a makarantar sakandare. Katanga ɗaya ce ta raba Inna da wata mata 'yar ƙabilar Ibo, wadda duk unguwa ke kira Madam. Mijinta na da kemis a bakin titi, kuma tun ina firamare suke nan. Katangar gajera ce, akwai ma inda bulo biyu suka zube, ba wanda ya taɓa gyarawa, domin ta nan ake miƙa gishiri da ashana da gulma.

Su biyun duk suna da hawan jini. Inna kuma tana da ɗan maƙoƙo a wuya, da likita ya ce a sa masa ido kawai. Kowace safiya, in Inna ta idar da lazimi, Madam ma ta gama waƙoƙinta na coci, sai Madam ta buga katanga da cokali. Kowacce ta fito da kofin ruwa da ƙwayarta, su haɗiye a tsaye, sannan su yi rabin awa suna zagin masu sayar da tumatir. Ni dariya abin yake ba ni, ban taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba.

Sai shekarun nan suka zo. Yau a ce bam ya tashi a tashar mota, gobe a ce an ji harbi a bayan gari. Ko'ina shingen sojoji, ka sauka daga kan acaɓa ka taka da ƙafa, a ƙofar masallaci a caje ka, a ƙofar coci a caje ka. 'Ya'yan Madam da ke kudu suka tasa iyayensu a gaba da waya, sai sun baro Gombe. Ƙarshe mijin ya kulle kemis, suka ce za su je su ɗan huta har ƙura ta lafa.

A lokacin Madam ta fara sayar da irin magungunan ƙarin kuzarin nan da ake tallatawa gida-gida. Ranar da za ta tafi ta miƙo wa Inna leda guda ta garin maka ta wurin bulon nan. Inna ta juye shi a gwangwanin madara, ledar kuma, mai ɗauke da duk bayanin abin da ke ciki da ranar lalacewarsa, ta hura wuta da ita.

"Inna, kin ƙona takardar?"

"To me zan yi da ita? Ledar zan sha?"

"Mene ne amfaninsa?"

"Komai da komai. Gajiya, ciwon gwiwa, zafin jiki, mantuwa. Turawa ma shi suke sha."

Na koma gida na duƙufa a kan waya ina bincike, ga sabis na ɗaukewa yana dawowa. Ashe saiwa ce mai kama da ƙaramin dankali, ana noma ta a kan duwatsun wata ƙasa da ake kira Peru, can Kudancin Amurka, mutanen wurin kuma dafa ta suke yi su ci kamar yadda muke cin rogo. Masu talla na cewa tana ƙara kuzari, tana taimakon mata da al'ada ta ɗauke musu, tana gyara sha'anin ma'aurata. Masu bincike kuwa na cewa wataƙila, amma gwajin da aka yi bai taka kara ya karya ba. Na ga an rubuta mai ciki da mai shayarwa su haƙura da ita, mai matsalar maƙoƙo kuma ya tambayi likita tukuna. Wannan na ƙarshe shi ya tsaya mini a rai.

Washegari na hau acaɓa, na sauka a shinge biyu, na isa Manawashi da gumi da hujjojina. Na yi wa Inna darasi cikakke, irin wanda nake yi wa 'yan aji shida. Ta saurare ni tana tsince shinkafa. Da na gama ta ce, "Allah Ya ƙara ilimi," ta miƙe ta ɗebi cokali guda ta zuba a kokonta, ta juya ta sha a gabana.

Haka muka yi ta yi. Na lallaɓa, na yi fushi, na yi kwana huɗu ban je ba, na dawo na tarar ko a jikinta. Na ɓoye gwangwanin a bayan buhun masara, ta gano shi kafin in ɗaura gyale. Na kawo maigidana ya yi mata magana, tunda tana jin nauyinsa, sai ga shi ya fito yana lashe baki yana ce mini ai abin da daɗi, kamar gyaɗa soyayya. Ranar har muka isa gida ban yi masa magana ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gwangwanin ya ƙi ƙarewa. Cokali guda kullum, ko ɗalibina mafi daƙiƙanci zai gaya maka wata biyu ya isa a ga gindinsa. Wata huɗu, wata shida, in na buɗe sai in gan shi rabi. Na ce lalle wani ne ke kawo mata, na bi matan unguwa ɗaya bayan ɗaya ina tuhuma, har wata tsohuwa ta tambaye ni ko na bar koyarwa na shiga aikin ɗan sanda. A duk watannin nan, ni mai ilimin kimiyya, ban taɓa tambayar Inna ko tana shan ƙwayarta ta hawan jini ba. Ina saya mata a wani kemis duk wata, ina ajiyewa a kan kwabet, tana cewa an gode. A wurina magana ta ƙare ke nan.

Wata ranar Asabar muka je Kasuwar Gombe sayen kayan miya. Akwai layi a ƙofa, ana bin jakunkuna da na'urar nan mai ƙara, rana kuma ta take. Muna tsaye sai na ga kwandon Inna ya faɗi. Ta sunkuya za ta ɗauka, hannunta na hagu ya ƙi. Ta dube ni ta ce wani abu, maganar ta fito a narke, kamar mai tauna tuwo. Wasu 'yan dako biyu suka taimaka mini muka sa ta a keke-napep, ni dai ban san abin da nake ta faɗa ba har asibiti.

Nas ta auna jininta, ta canja hannu ta sake aunawa, ta fita da sauri ta kira likita. Zuwa la'asar maganar Inna ta dawo, hannun kuma ya fara motsi. Likitan, wani Batangale mai sanyin murya, ya ce mun auna arziki, wannan gargaɗi ne, na gaba ba lalle ya zo da sauƙi haka ba. Ban bari ya rufe baki ba na ce, "Likita, garin maka ne! Wata takwas ina faɗa!"

Ya ce in zauna. Ya ce shi bai san maka da shanye wa mutum hannu ba. Ga mai lafiya, cokali guda abinci ne kawai, in dai an san abin da ke cikin ledar, domin irin waɗannan kaya wasu kan yi musu haɗe-haɗe. Saboda maƙoƙonta, gara dai ta bari sai an gwada jininta. Amma maka ba ya saukar da hawan jini, ba kuma zai tsaya a madadin ƙwaya ba ko da kwana ɗaya. Sai ya juya wurin Inna.

"Mama, yaushe rabonki da shan maganinki?"

Inna ta kafa wa silin ido kamar an rubuta amsar a can.

Kwana biyu muka yi aka sallame mu. Muna shiga gida na wuce ɗakinta na jawo akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado. Ga su nan, kwalayen ƙwaya a jere cikin tsohon ɗankwali, ko ɗaya ba a ɓalle ba. Ban san lokacin da na fito tsakar gida da gwangwanin a hannuna ba. Na yi ta faɗa, na ce ta zaɓi gari a kan ranta, na ce Madam ta tafi ta bar mana masifa, na faɗi har abin da ba a faɗa wa uwa. Sannan na kife gwangwanin a ƙasa.

Kaji suka rugo. Inna ta sauko daga kan tabarma da rarrafe, tana korar kaji da gwiwar hannu, tana tattara garin da hannunta mai lafiya, tana mayarwa a gwangwani har da ƙasa. Na durƙusa in ɗaga ta, sai ƙanshin ya bugi hancina. Na san ƙanshin nan, da shi na yaye 'ya'yana. Waken suya ne soyayye.

"Inna, wannan ai waken suya ne."

"Akwai nata a ciki," in ji ta. "Kaɗan."

Sai a lokacin ta gaya mini abin da aka yi a katanga ranar tafiya. Madam ta riƙe hannunta ta ce ta sha cokali ɗaya kullum, kafin ya ƙare za ta dawo. Da Inna ta ga gari ya yi ƙasa, ba labarin dawowa, sai ta soya wake ta kai inji ta ƙara. Ya sake yin ƙasa, ta sake ƙarawa. Na ce to ƙwayar fa, me ƙwaya ta yi mata? Ta ce sati na farko ta fita da kofinta ta tsaya a wurin bulon, ba wanda ya buga cokali, ta sa ƙwayar a baki ta ƙi wucewa. Daga nan ta bari. "Ni kaɗai a tsaye kamar mahaukaciya," in ji ta.

Kunya ta rufe ni, haushi kuma bai tafi ba, sai dai ya rasa wanda zai kama. Wata takwas ina yaƙi da waken suya, abin da zai kashe ta kuwa yana ƙarƙashin gadon da nake zama a kai ina yi mata lacca.

Na nemo lambar Madam a wurin wani mai gyaran rediyo, ɗan cocinsu da bai tafi ba. Da na gaya mata abin da ya faru, ta yi wata ƙara sai da na janye wayar daga kunnena. Ta ce in ba ta Inna.

"Hajiya! Kai kana so ka kashe ni? Na ce ka sha bayan magani, ban ce ka bar magani ba! Wannan gari na ƙarfin jiki ne kawai!"

"Ke kina shan naki?"

Madam ta ce, "Wani rana ina sha, wani rana na manta."

"To ashe mu biyu ne," in ji Inna. Suka yi dariya, suka yi kuka, suka zagi masu tumatir na can da na nan. Suka yanke cewa duk safiya Madam za ta kira, ta buga cokali a jikin kofi, su haɗiye tare. Ƙarshe Inna ta tambaye ta yaushe za ta dawo.

"Gari ya ƙare?"

"Da saura."

"To ka ci gaba da sha."

Da na karɓi wayar na fita zaure, Madam ta rage murya ta ce mini 'ya'yanta sun riga sun sa gidan a kasuwa, ita dai bakinta ba zai iya faɗa wa Hajiya ba.

Na tankaɗe abin da Inna ta tattara, na zubar da mai ƙasa, na bar ɗan abin da ya rage a gindin gwangwani. Ranar Lahadi na sayi mudun waken suya na soya a gidana, na kai inji, na je na cika shi zuwa rabi lokacin da take banɗaki. Da sakamakon gwajin jininta ya fito na gaya wa likita gaskiya, ya yi dariya ya ce abin da ya rage na maka a gwangwanin nan ko kaza ba zai dama ba. Kwalin ƙwaya kuma na ɗora shi a kan murfin, yadda ba za ta kai ga gari ba sai ta ɗaga shi.

Bayan wata biyar wasu mutanen Kaltungo suka tare a gidan Madam. Inna da kanta ta aika musu da tuwo. Da suka kawo magini zai toshe wurin bulon, ta leƙa ta ce a bar mata shi haka. Ba ta sake tambayar ranar dawowa ba, wayar safe kuma ba ta fasa ba, har shekara shida, har safiyar da ɗan Madam ya kira a madadinta ya gaya mana ta rasu.

Na ɗauka shi ke nan, za mu koma gidan jiya. Washegari na yi sammako na je da kofina. Na tarar da ita a wurin bulon, ta riga ta haɗiye ƙwayar, tana juya koko. Ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta miƙo mini gwangwanin ba tare da ta dube ni ba.

"Ya yi ƙasa," ta ce. "Kuma wannan karon ki rage wuta, na wancan watan ya yi ƙauri."