Keken Audu a Hanyar Ikara

Jama'a, ku ji abin da ya same ni yau!

Tun muna samari nake takawa kasuwar Ikara tare da aminina Audu. Yau na jira shi, shiru. Na kama hanya ni kaɗai, sai carbina. Matasa na ta zuwa a kan kekuna, kowa ya sauka ya gaishe ni, ya wuce.

Can sai ga Audu bisa sabon keke! Ya wuce ni fuu, ko sallama babu. Na ce shi ke nan, zumunci ya ƙare.

Ina gangarawa rafi na gan shi zaune cikin yashi, gwiwa duk jini!

Na ce, "Subhanallahi! Audu, lafiya?"

Ya ce, "Malam, hawa aka koya mini, ba a koya mini sauka ba. Yashi na nema na faɗi don in gaishe ka. Ina kwana?"

Muka gaisa har iyali. Ya ce, "Ka sayi naka. Ba ya cin ciyawa, ba ya gajiya, ƙafafunmu kuwa sun tsufa."

Na riƙe masa keken ya hau. Da hannuna na tura shi, na tsaya ina kallo har ya ɓace.